Amsa ga mai shirin kama haya a Hialeah, garin 'yan Kyuba da ke gefen Mayami

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na ga tambayar da ɗan'uwanmu ya saka daren jiya, cewa ya samu aiki a wani rumbun ajiyar kaya kusa da filin jirgin saman Mayami, dillali ya nuna masa ɗaki a Hialeah, amma an tsorata shi wai garin ba a jin Turanci. Yana son sanin wane irin gari ne, su wa ke cikinsa, kuma ko Musulmi zai iya zama. Malam, shekara shida na yi a garin nan, daga 2014 zuwa 2020, kuma irin aikinka na yi. Ka yi haƙuri amsar za ta yi tsawo.

Da farko sunan. Hayaliya ake furta shi. Kalmar ta fito ne daga harshen Indiyawan daji na yankin, ana fassara ta da kyakkyawan fili ko fili mai tudu. Kada tudun ya ruɗe ka, garin a shimfiɗe yake kamar tabarma, tsayinsa daga matakin teku bai wuce mita biyu zuwa uku ba. Asalinsa gefen fadamar Everglades ne aka haƙa magudanai aka janye ruwan. Yana arewa maso yammacin tsakiyar Mayami, cikin gundumar Miami-Dade a jihar Filorida, ba ya taɓa teku ko kaɗan. Faɗinsa bai kai murabba'in kilomita 60 ba, amma ƙidayar 2020 ta sami mutum 223,109 a cikinsa, a lokacin shi ne na shida a yawan jama'a a duk jihar. Babu dogayen benaye. Ƙananan gidaje ne na bulo a jere, kowanne da motoci uku ko huɗu a ƙofa, wannan kaɗai zai gaya maka yawan mutanen da ke kwana a ciki.

Maganar Turanci kuwa ba ƙarya aka yi maka ba. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na mazauna garin 'yan asalin Latin Amurka ne, wajen kashi uku cikin huɗu kuma 'yan Kyuba ne ko 'ya'yansu da jikokinsu. Sauran 'yan Nikaraguwa ne, da Honduras, Kolombiya, Benezuwela da Jamhuriyar Dominika. A kanti, a wurin aski, a banki, wurin makanike, da Sifaniyanci za a fara yi maka magana. Akwai dattawan da suka shekara arba'in a Amurka ba su taɓa buƙatar Turanci ba. Matasa suna jin duka biyun, suna gauraya su a jimla ɗaya. Ni wata uku na yi ina nuna kaya da yatsa, har na sayi ƙaramin littafi na riƙa rubuta kalma biyar kowace rana. Daga ranar da na iya gaisuwa da tambayar farashi, fuskokin mutane suka canza mini. Idan ka taɓa ganin yadda ɗan kasuwar Kurmi ke sakin fuska in baƙo ya ce "ina wuni", to haka ne.

Ba haka garin ya faro ba. Mutum biyu suka yanka filayensa a 1921: James Bright, makiyayin shanu daga jihar Misuri, da Glenn Curtiss, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara ƙera jirgin sama. An ba shi matsayin gari a 1925, a shekarar da aka buɗe filin sukuwar dawaki na Hialeah Park. Shekara ɗaya bayan nan guguwar Satumbar 1926 ta rushe musu lissafi. Curtiss ɗin nan shi ya kafa Miami Springs, wanda ke tsakaninka da filin jirgi, da kuma Opa-locka a arewa maso gabas, inda za ka ga gine-gine masu ƙubba irin na Larabawa da titi mai suna Ali Baba. Filin sukuwar ya yi tashe sosai bayan wani attajiri, Joseph Widener, ya saye shi a 1930 ya sake gina shi. Har Winston Churchill ya je kallo a 1946. A tsakiyar filin akwai tafki da tsuntsayen filamingo masu ruwan hoda, waɗanda aka kawo daga Kyuba tun cikin shekarun 1930, wato sun riga mutanen ƙasarsu isowa da shekara kusan talatin. Babbar sukuwa ta tsaya a 2001, yanzu gidan caca ne ke wurin, don haka ni dai daga waje nake kallonsa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Turawa ma'aikata da tsofaffin sojoji ne suka cika garin saboda gidaje masu araha. A 1950 mutanensa ba su kai 20,000 ba, zuwa 1960 sun haura 60,000. Sai Fidel Castro ya karɓi mulkin Kyuba a 1959. Masu kuɗi da 'yan boko suka fara gudowa, sannan daga 1965 zuwa 1973 jirage suka riƙa kwaso mutane daga Kyuba zuwa Mayami kusan kullum. A 1980 wajen mutum 125,000 suka tsallako ta jiragen ruwa daga tashar Mariel ta Kyuba cikin 'yan watanni. Masu hali sun nufi unguwannin masu hali. Talakan da ba shi da komai sai hannuwansa Hayaliya ya nufa, domin nan masana'antun ɗinki suke. Har yau 'yan garin suna yi masa kirari da "agua, fango y factoría", wato ruwa, taɓo da masana'anta. A 1981 suka zaɓi Raúl Martínez, haifaffen Kyuba, shugaban gari, ya riƙe kujerar kusan shekara 24.

Tsohuwar da na yi haya a bayan gidanta tana cikin waɗanda jiragen nan suka kawo. Ta ce mini da akwati ɗaya ta sauka, da yara biyu, mijin an hana shi fita sai bayan shekaru. Wuyan riga kawai take ɗinkawa, daga safe zuwa yamma, ana biyanta gwargwadon abin da ta ɗinka. Da wannan keken suka biya gidan. Yatsunta sun karkace, takan miƙo mini su in gani. A falonta akwai hoton wani gida mai baranda a garinsu, ta ce da suka taho sun ɗauka shekara ɗaya ko biyu za su yi su koma. Ba ta sake taka ƙasar ba. In kana son fahimtar Hayaliya, a nan za ka fahimce ta: zango ne da mutane suka sauka da niyyar wucewa, sai ya zama gari, suka kawo abincinsu da harshensu da fushinsu suka dasa. Yawancin masana'antun sun rufe tun shekarun 1990 da aka mayar da ɗinki ƙasashe masu arhar ƙwadago, rumbunan ajiya da garejoji da ƙananan asibitoci suka maye gurbinsu. Amma har yanzu nan ne wurin da sabon zuwa daga Kyuba ke fara ajiye jakarsa.

Wannan fushin ka kiyaye shi. Mu a Afirka mun san Kyuba da likitoci da sojojin da ta tura Angola, da yawanmu muna ganin girman Castro. Kada ka furta haka a wurin aiki. Daren 25 ga Nuwamban 2016 da aka sanar da mutuwarsa, ƙarar tukwane ce ta tashe ni. Na fito na tarar da titin West 49 ya cika maƙil, ana buga tukwane da cokali, ana hon, tutoci ko'ina. Tsohuwar gidanmu ba ta fita ba. A kujerar ƙofar gida na same ta tana kuka shiru, tana kiran sunayen 'yan'uwanta da suka mutu a can ba ta yi musu sallama ba. Daga ranar na daina yi wa mutanen nan gardama a kan abin da ni a littafi na karanta, su kuma a jikinsu suka ji. Wannan ne ya sa garin, duk da na ma'aikata ne, yake zaɓen jam'iyyar Republican, har a ƙarshen 2023 majalisar garin ta raɗa wa titin Palm Avenue sunan Donald Trump.

Yanzu batun addini da abinci, wanda na san shi ya fi damunka. Alade shi ne sarkin naman 'yan Kyuba, kuma yana ɓuya a inda ba ka zata ba. Burodinsu dogo da kitsen alade ake kwaɓa shi. Waken da ake zubawa a kan shinkafa wani lokaci da guntun naman ake dafa shi. Ka haddace kalmomi huɗu: puerco, lechón, jamón, manteca. In ka ji ɗaya daga ciki ka janye hannunka. Daren 24 ga Disamba unguwa gaba ɗaya ƙaurin gashin alade take yi, maƙwabta kuma za su aiko maka saboda karamci. Ka ƙi cikin ladabi ka yi bayani, ni ban taɓa ganin wanda ya ji haushi ba, washegari ma kaza suka aiko mini. A ɗaya ɓangaren kuma kasuwarsu kamar ta gida take. A kantunan Sedano's za ka sami rogo, doya, gwaza, agade, kuɓewa, wake, shinkafa buhu-buhu. Naman halal ne sai ka fita gari ka nemo. Juma'a nakan je babban masallacin Miami Gardens, minti ashirin a mota in babu cunkoso, a can kuma za ka haɗu da 'yan Najeriya.

Akwai wata al'ada da nake kewa har yau. Da misalin uku na rana wani zai je tagar shagon kofi, ventanita suke ce mata, ya sayo colada, kofi baƙi mai kauri da zaƙi a kofi ɗaya, da 'yan ƙananan kofuna na roba kamar murfin kwalba. Zai zagaya yana tsiyaya wa kowa, manaja da lebura da direba, a tsaye ake kurɓewa. Ba a tsallake kowa. Da azumi ya zo na riƙa cewa a'a, sai wani abokin aikina ya tambayi dalili. Daga nan kullum yakan rufe nawa ya ajiye mini a kan akwatin kaya har faɗuwar rana.

Wani abin da zai ba ka mamaki shi ne za ka ji Yarbanci. Yarbawa da yawa aka kai Kyuba bauta a ƙarni na 19, ƙasar ba ta soke bauta ba sai 1886, kuma addinin gargajiyarsu ya rayu a can da sunan Lukumi ko Santería. Za ka ga shagunan da ake kira botánica cike da kyandira da tsakiya da gumaka, za ka ji sunayen abubuwan bautarsu, Shango da Oshun da Obatala, za ka ga mutum sanye da fararen kaya daga hula har takalmi na tsawon shekara, sabon shiga addinin ne, ana ce masa iyawó. In suka ji daga Najeriya kake, wasu za su riƙa girmama ka suna tambayarka Ile-Ife. Nakan ce musu ni Bahaushe ne Musulmi, daga arewa. A 1987 wata majami'arsu, Lukumi Babalu Aye, ta ce za ta buɗe wurin ibada a garin, majalisar gari ta yi dokokin hana yankan dabba don bauta. Aka yi ta shari'a har Kotun Ƙolin Amurka, a 1993 alƙalai tara duka suka soke dokokin, saboda an tsara su ne don a ƙuntata wa addini guda. Aƙidarsu ba tawa ba ce, amma hukuncin garkuwa ne ga duk mai ƙaramin addini a ƙasar, har da mu. Sai dai bai ɗauke dokokin tsafta ba, don haka kada ka kayar da ragon layya a bayan gidan haya. Gonakin bayan gari ake zuwa a yanka.

Ba zan ɓoye maka ba, baƙar fata kaɗan ne a garin. Akwai tsohuwar unguwar baƙaƙe, Seminola, da ta samo asali tun shekarun 1920 daga leburorin da suka yi aikin filin sukuwa, amma ita ma ta canza. Sau biyu na je duba ɗakin da aka ce mini a waya yana nan, da aka gan ni aka ce an riga an kama. Ya yi mini ciwo. Na uku shi ne gidan tsohuwar nan, wadda in na yi zazzaɓi ita ke dafa mini miya.

Lambobin titunan garin daban suke da na sauran gundumar. West 49 na Hayaliya shi ne NW 103 na Mayami, kuma Palm Avenue ne ya raba gabas da yamma, don haka kullum ka tambaya East ne ko West. Akwai jirgin ƙasa na Metrorail, amma zuwa filin jirgi sai ka sauya a tashar Earlington Heights, kuma yawancin rumbunan suna yamma da filin, wajen Doral, inda bai kai ba. Ka yi shirin mota, ka kuma fita da wuri, domin babban titin Palmetto da safe ba ya motsi.

Ɗakin da dillalin ya nuna maka ina kyautata zaton irin wanda suke kira efichensi ne, gareji ko bayan gida da aka yanka aka yi wa ƙofa. Ka nemi yarjejeniya a rubuce, ka tabbatar ko wuta da ruwa suna cikin kuɗin, ka kunna na'urar sanyaya ɗaki da hannunka, domin zafin can mai gumi ne ba irin namu busasshe ba. Damina daga Mayu zuwa Oktoba take, lokacin guguwa kuma daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba. A guguwar Irma ta 2017 kwanaki muka yi babu wuta. Kafin ka ba da ko sisi, ka durƙusa ka duba ƙasan bangon ɗakin da na katangar waje. In ka ga layin da ruwa ya bari, ko sabon fenti a ƙasa kaɗai, ka nemi wani. In kuma za ka iya, ka koma titin bayan an yi ruwan sama mai ƙarfi ka ga inda ruwan ya kwanta.