Kafin ki kai yara gidajen Natchez

Wallahi 'yar'uwa da na ga tambayarki, wai kina son kai yara Natchez, garin nan na jihar Mississippi a Amurka, a hutun nan su ga tsofaffin gidajen gundumar Adams amma kina tsoron abin da za su ji, sai da gabana ya faɗi. Haka na kwashi nawa bara, ina ta murna.

Gidan da muka fara shiga ba zan faɗi sunansa ba. Matar da ke zagayawa da mu ta ci ado da rigar zamanin da, mai faɗi kamar lema, tana ta nuna madubai da labule da cokulan azurfa. Wajen minti arba'in kalmar bawa ba ta fito daga bakinta ba, sai dai "masu hidimar gida". Can autata, 'yar shekara tara, ta ɗaga hannu ta ce wa ke hawo da ruwa wannan benen? Matar ta yi wani murmushi, ta ce ai an riƙe su da kyau, ta koma zancen labulenta. Mu kaɗai ne baƙaƙe a wurin, ga ni da hijabi, kowa ya sunkuyar da kai. Na buɗe baki Turancin ya gudu. Har yau haushin kaina nake ji fiye da haushin matar. Da muka shiga mota yarinyar ta ce, "Umma, laifi na yi?" Sai da na kifa kai a sitiyari.

Don Allah kada ki fara da manyan gidajen. Ki fara da Forks of the Road, inda aka yi kasuwar bayi, wadda a wancan yankin ta New Orleans ce kawai ta fi ta girma. Ba gini, ɗan fili ne a bakin titi, da sarƙoƙin ƙarfe a binne cikin siminti. Daga nan duk gidan da suka shiga sun san da guminsu wa aka gina shi.

Ki ba su labarin Abdulrahman Ibrahima, Bafulatani ɗan sarkin Futa Jalon, a ƙasar Gini ta yau. An sayar da shi a Natchez a 1788, ya shekara 40 yana bauta a gonar Thomas Foster, aka 'yanta shi a 1828, ya rasu a Laberiya a 1829. Mai karatu ne, har wasiƙa ya rubuta da Larabci. Yayan autar da ya ji haka shiru ya yi, shi da kullum sai an yi dambe kafin ya tafi Islamiyya.

Longwood kam ku je. Gida ne mai kusurwa takwas na wani mai gonakin auduga, Haller Nutt, an fara shi a 1860, da yaƙin basasa ya ɓarke a 1861 magina 'yan jihohin arewacin ƙasar suka watsar da kayan aiki suka tafi. Ƙasan kawai aka gama, sama kango ne har yau, kina tsaye kina hango katakon rufi. Gidan Melrose na hannun hukumar gandayen tarihi ta ƙasa, kuma ɗakunan bayi na nan a bayan gidan, nan yara suka fi yin tambaya aka amsa musu. Akwai kuma gidan William Johnson, baƙar fata 'yantacce mai aski, wanda ya shekara 16 yana rubuta abin da ke faruwa a garin har aka kashe shi a 1851. Shi ma fa ya mallaki bayi, ki shirya amsar wannan tun a gida, ni ta zo mini ba shiri.

Gida biyu a rana ya isa, zafin Mississippi ba na wasa ba ne. Ki riƙe sallaya a mota. Abinci kuma ki dinga tambaya, har cikin wake da ganye suna jefa naman alade, mu dai soyayyar tarwaɗa muka yi ta ci bayan na tambayi man.