Ranar da Hajiya ta zama Ba'amurkiya aka karɓe katinta

Yaya, saƙon muryarka ya same ni ina hanyar dawowa daga aikin dare, na saurara sau biyu ina dariya ni kaɗai a mota. Ka ce abin ya ɗaure maka kai: ƙasar da ta kai mutum duniyar wata, wai har yau ana rigima a kan ko mai zaɓe zai nuna kati mai hoto. Ka ce ku a Katsina in ba PVC ko sarkin gari ne sai dai ya koma gida, kuma sai BVAS ta duba yatsa ko fuska, ba wanda ya kira wannan zalunci. Ka ƙare da cewa duk wanda ya ƙi kati to akwai lauje cikin naɗi.

Ba zan ɓoye maka ba, shekaruna na farko a nan Greensboro ra'ayina ke nan. Maigidana ma har gobe a kansa yake, kuma ba shi kaɗai ba, duk sanda aka ji ra'ayin Amurkawa wajen kashi 80 cikin ɗari suna cewa a nuna kati. Mu da muka shigo da fasfo da biza, muka sha layin ofishin jakadanci, aka ɗauki hoton yatsunmu goma ba sau ɗaya ba, in aka ce mu nuna kati ai kamar an ce da kare ana biki a gidansu ne. Mazanmu kuma kusan duk a kan sitiyari suke ci, daga masu tasi zuwa masu manyan motoci, lasisi yana aljihu dare da rana.

Abin da ya kamata ka fara sani shi ne, nan babu INEC, babu NIN, babu wani kati mai hoto guda ɗaya da gwamnatin tarayya take yi wa kowa. Jihohi 50 ne, kowace da dokar zaɓenta. 'Yan uwanmu Hausawan Gana da ke Bronx a New York suna zuwa su faɗi suna da adireshi, su sa hannu a littafi, a ba su ƙuri'a. Mu a Karolina ta Arewa, tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2023 sai da hoto. Ku hukumar da ta yi muku rajista ita ta buga muku katin, abu ɗaya ne. Nan kuwa rajista daban, kati daban, kuma katin da aka fi dogara da shi lasisin tuƙi ne. To wanda ba ya tuƙi fa?

Surukata, Hajiya, ita ta koya mini amsar. Ta daɗe a ƙasar nan da girin kad, wato katin izinin zama na dindindin da ake ba baƙo, har ta kai shekarun da doka ta yarda ta yi jarrabawar zama 'yar ƙasa da tafinta (wanda ya kai 55 kuma ya yi shekara 15 da katin, ba a tilasta masa Turanci). Ranar rantsuwa muka yi mata rakiya da sabon leshi, a bakin zauren aka ce kowa ya miƙa girin kad ɗinsa, ya gama aiki. Ta miƙa. Sai da zaɓe ya matso muka farga cewa katin nan shi kaɗai ne mai hoto da take yawo da shi a jaka. Ba ta tuƙi. Fasfon gida ba a karɓar sa a rumfa. Na Amurka dala 165 ne, ita kuma gwiwoyinta sun hana ta tafiya, ba mu yi gaggawar yi mata ba.

Gaskiya ba mu sha wata wahala ba. Ofishin zaɓe na yankinmu yana yin kati kyauta, ba a ma neman takardar haihuwa: suna, ranar haihuwa, da lambobi huɗu na ƙarshe na lambar da gwamnati take ba kowa don aiki da fansho. Babbar damuwar Hajiya kada a ce ta cire hijabi. Ba wanda ya ce mata uffan, ma'aikaciyar dai ta roƙe ta ta ɗan ja shi baya goshi ya fito, ta ɗauki hoto, kafin mu gama gaisawa da wata 'yar Maraɗi da muka tarar a wurin an miƙo kati da ɗuminsa. Amma ka lissafa abin da ke bayan wannan kyauta. Ni na san da ofishin, ni nake da mota, ni nake jin Turanci, kuma ni na ajiye aikin rabin yini, a aikin da awa ake biya, in ba ka zo ba babu ko sisi. Da Hajiya ita kaɗai ce a wani ƙauye inda bas ba ya zuwa, da yanzu wani zancen ake yi.

Irin waɗannan tsofaffi kuwa suna nan da yawa, kuma akasarinsu ba baƙi ba ne, haifaffun ƙasar ne kaka da kakanni. Aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu, yawancinsu baƙaƙen fata. Akwai wata da na yi shekara uku ina yi wa wanka da girki. Ungozoma ce ta karɓi haihuwarta a gonar taba, sunan da ke takardar haihuwarta daban, wanda aka san ta da shi daban, na aure kuma daban. Wata rana ana maganar kati a talabijin na ce mata, cikin rashin sani, mu a ƙasarmu kowa da katinsa kuma ba a faɗa. Ta dube ni ta daɗe, sannan ta ba ni labarin yadda mahaifinta ya sa kwat ɗinsa na coci ya je rajista, aka ajiye masa kundin tsarin mulki aka ce ya karanta, ya karanta, magatakarda ya ce bai gamsu ba. Daga ranar na koyi kama bakina.

Ba tatsuniya ba ce, Yaya. Sharaɗin iya karatu kafin zaɓe har yau yana rubuce a kundin tsarin mulkin jiharmu, dokar tarayya ce kawai ta kashe masa ƙarfi. A wancan zamanin, a wasu jihohin Kudu har harajin zaɓe ake biya. Ba inda aka rubuta “baƙar fata kada ya yi zaɓe”, sharaɗi ake kawowa mai kyan gani a takarda, wanda an riga an san wa zai kayar. A garin nan namu ne, ranar 1 ga Fabrairu 1960, ɗalibai huɗu na jami'ar A&T suka zauna a teburin cin abinci na kantin Woolworth da aka keɓe wa fararen fata, suka ƙi tashi. Kantin yanzu gidan tarihi ne, ina wuce shi in zan je aiki. Sai a 1965 aka yi Dokar 'Yancin Zaɓe, wadda ta tilasta wa wuraren da suka yi ƙaurin suna su nemi izinin tarayya kafin su taɓa dokar zaɓe. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Shin tsumma ne ko macijin ne? Ga abin da ya faru, ka yi alƙalanci da kanka. A watan Yuni 2013 Kotun Ƙoli ta soke ma'aunin da ake bi wajen neman wancan izini. Ba a rufa wata biyu ba majalisar jiharmu, wadda 'yan Republican suke da rinjaye, ta fito da doka. Kati mai hoto yana ciki, amma ba shi kaɗai ba. An rage kwanakin zaɓen wuri, wato jefa ƙuri'a kafin ranar zaɓe, daga 17 zuwa 10, an hana rajista da zaɓe a rana ɗaya, an daina ƙirga ƙuri'ar wanda ya yi kuskuren rumfa. A 2016 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta rushe ta. Alƙalan sun gano cewa 'yan majalisar sun fara neman alƙaluman yadda kowane jinsi yake zaɓe, sannan suka yanke hanyoyin da baƙaƙe suka fi bi, suka ce an auna su kusan kamar yadda likitan fiɗa yake auna wuƙarsa. Cikin waɗanda suka kai ƙarar akwai wata dattijuwa, Rosanell Eaton, wadda tana budurwa sai da ta kawo gabatarwar kundin tsarin mulkin Amurka da ka kafin a yi mata rajista. Tana da shekara casa'in da ɗoriya ta sake shiga zirga-zirgar ofisoshi don sunanta bai zo ɗaya a takardu ba. Ta rasu a 2018 tana da 97. A Texas kuma dokar 2011 ta karɓi lasisin riƙe bindiga, ta ƙi katin ɗalibi.

Dokar da muke ciki yanzu ta fi waccan sauƙi nesa ba kusa ba, kuma dole in faɗi haka. Jama'a ne suka jefa ƙuri'a a 2018 aka sa sharaɗin hoto a kundin jiha, aka yi ta shari'a har Afrilu 2023. Katin da ya mutu bai wuce shekara ba ana karɓa. Wanda ya haura 65, in katinsa yana da rai ranar da ya cika 65, to ya ci gaba da amfani da shi. Adireshin da ke kati ba sai ya dace da na rajista ba, suna ma in ya yi kusa ya wadatar, wanda ya yi mana rana, don a gida ɗaya za ka ga Mahamadou a wannan takarda, Mohammed a waccan. Wanda ba shi da kati sam zai cike takardar uzuri ya jefa ƙuri'ar wucin gadi. Wasu masana biyu, Cantoni da Pons, sun bi zaɓukan ƙasar daga 2008 zuwa 2018, ba su ga dokokin kati sun rage fitowar masu zaɓe yadda ake tsoro ba. Ba su kuma ga sun rage maguɗi ba.

Nan ne nake kayar da maigidana in muna musu. Kati mai hoto maguɗi iri ɗaya yake tarewa, wato mutum ya zo rumfa ya ce shi ne wane. Wani malamin shari'a, Justin Levitt, ya bi diddigi daga 2000 zuwa 2014, ya samu zargi 31 mai kama da gaskiya cikin ƙuri'u sama da biliyan ɗaya. Wa zai yarda ya tafi kurkuku a kan ƙuri'a guda? Maguɗin gaske da aka yi a jiharmu a 2018 ne, a mazaɓa ta 9 ta majalisar wakilai, inda wani ɗan kwangilar siyasa mai yi wa ɗan takarar Republican aiki ya tura yaransa gida-gida suna karɓar ƙuri'un da ake aikawa ta gidan waya. Tazarar 905 ce, aka soke zaɓen aka sake. Ba wanda ya je rumfa da fuskar wani. Kai da ka yi aikin zaɓe ka fi ni sanin cewa ba a kan layi ake sace akwati ba.

Mu a cikinmu, abin da limami da dattawa suka fi jan kunne a kai bayan sallar Juma'a wani abu ne daban. Mai girin kad yana da lasisi iri ɗaya da na ɗan ƙasa, hoton ba ya nuna wa ya yi rantsuwa wa bai yi ba. Sabon zuwa yana iya ganin takardar rajista ya ɗauka gata ake yi masa, ya sa hannu. Wannan sa hannun yana iya jawo masa kurkuku da kora, ya rushe wahalar shekara goma. A 2018 an gurfanar da baƙi 19 a jihar nan kan zaɓen 2016. Saboda haka tsoro ya yi mana yawa har ya wuce gona da iri: na san waɗanda suka yi rantsuwa da hannunsu, amma in an ce rumfa sai su ce a bar kaza cikin gashinta. Su muke bi da lallashi. Mun kwaikwayi cocin baƙaƙe, waɗanda suke cika motoci ranar Lahadi daga coci zuwa rumfa. Mu Juma'a muke yi cikin kwanakin zaɓen wuri, don ranar zaɓen kanta Talata ce kuma ba hutu. Kafin a tashi mota sai an bi kowa: ina katinki, ina naka?

In ka ce to ai mutum nawa ne abin zai hana, zan ce maka ba yawa. Sai dai a Nuwamba 2024 an yi takarar kujerar alƙali a kotun ƙolin jiharmu, ƙuri'a sama da miliyan biyar da rabi, Allison Riggs ta ci da 734. Abokin takararta, Jefferson Griffin, ya nemi a zubar da ƙuri'u sama da dubu 60, ciki har da na sojoji da mazauna ƙasashen waje da ba su haɗo hoton kati ba, alhali lokacin hukumar zaɓe ba ta nemi su haɗo ba. Sai a watan Mayu 2025 ya haƙura, bayan hukuncin kotun tarayya. Wata shida muna tuna 'yan uwanmu da suka koma Damagaram da Kano da zama, waɗanda in sun yi zaɓe ta wannan hanyar suke aiko da ƙuri'a.

Ni dai yanzu ba na faɗa da kati, tambayata wa zai kai shi hannun tsohuwa. Kuma tunda kai ka tsokano, bari in mayar maka. A zaɓen 2023 mutum miliyan 93 ne suke cikin rajistar INEC, sama da miliyan shida ba su karɓi PVC ɗinsu ba. Na Inna yana ciki, don da bakinta ta gaya mini sau biyu tana zuwa sakatariya ana cewa ta dawo, har ƙafa ta gaji. Don Allah in an buɗe karɓa ka ɗauke ta a mashin ka kai ta da sassafe, ka tafi da kujerar roba. Hajiya tana gaishe ka, ta ce a faɗa maka hoton katinta ya fi na fasfo kyau.