Shin duk siginar da ke maimaita kanta iri ɗaya ce?

Tambaya: Injiniya, jarrabawa ta gabato kuma rabe-raben siginar analog, wato siginar da ke canzawa a hankali ba tare da yankewa ba, sun rikita ni. Ga shi wani mai haɗa inbata ya ce min duk wutar da ke juyawa sau 50 a daƙiƙa ɗaya ce da ta layi, alhali tun da ya haɗa mana, fanka take gurnani, firji yana zafi. Na damu ƙwarai.

Amsa: Ɗana, kwantar da hankalinka game da jarrabawa. Rabe-raben ba sa kore juna, tambayoyi ne daban-daban da ake yi wa sigina guda: tana maimaita kanta bayan wani lokaci T, ana iya rubuta ta da lissafi ko kuwa ta bazata ce kamar hayaniyar rediyo, makamashinta yana da iyaka ko matsakaicin ƙarfinta ne ke da iyaka. Siginar sayin, wato mai hawa da sauka sumul kamar igiyar ruwa, mai maimaituwa ce, tabbatacciya da ake iya rubutawa da lissafi, kuma matsakaicin ƙarfinta ne ke da iyaka, domin makamashinta ba ya ƙarewa.

Maganar mai inbatar ce take tayar min da hankali, domin kullum sai na ji ta a bakin masu haɗa sola da ba su taɓa kallon siffar wuta a osiloskop, na'urar da ke zana siffar sigina a allo, ba. Maimaituwa daban, siffa daban. Tun 1822 Bafaranshe Joseph Fourier ya wallafa aikin da ke nuna cewa ana iya warware sigina mai maimaituwa zuwa tarin sayin. Wutar layi mai kyau kusan sayin guda ce a 50 Hz, wato juyi 50 a daƙiƙa, amma mai siffar murabba'i tana ɗauke da ƙari a 150, 250 da 350 Hz, masu girman sulusi, humusi da subu'in ta farko. Ƙaramar inbata mai arha irin wannan take fitarwa, ko mai hawa-hawa da ke kusa da ita, kuma waɗannan ƙarin ne suke dumama wayoyin injin firji, suke sa fanka gurnani.

Abin takaici, sai mutum ya ɗora mita ya ce wuta lafiya lau. Mita mai arha tana auna matsakaici ne ta ninka da 1.11, bisa zaton sayin ce, don haka a kan murabba'i abin da take nunawa yana zarce na gaskiya da kashi 11 cikin 100. Haka ake ƙona wa talaka firjin da ya yi adashi ya saya, sannan a ɗora wa kamfanin wuta laifi.

Ka cire firjin daga inbatar yau, ka nemi wanda zai duba siffar wutar a osiloskop kafin ka mayar.