Za mu shiga kwalekwale a fadamar Nguru: yaushe, kuma da wane shiri?

Tambaya: Malam, mu 14 ne, abokan aiki a nan Kano. Muna son zuwa Nguru mu zagaya fadama a kwalekwale tare da ɗan jagora. Yawancinmu ba mu iya iyo ba. Wane lokaci ya fi, me kuma za mu kiyaye? Daga wani mai karatu a Gwammaja.

Amsa: Ɗan'uwa, kun zaɓi wuri mai kyau. Ruwan ma da za ku hau naku ne. Kogin Kano da na Challawa su ne suka haɗu suka zama kogin Haɗeja, shi kuma ya bazu a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ya haɗu da na Jama'are, su nufi Tafkin Chadi. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, ambaliyar fadamar ta sauya. Wuraren da a da suke bushewa da rani yanzu ruwa na kwana a cikinsu, shi ya ba ciyawar kachalla damar mamaye hanyoyin ruwa.

Ku je tsakanin Disamba da Fabrairu. A lokacin ruwa ya natsu, kuma tsuntsayen da ke gudo wa sanyin Turai sun sauka, sun cakuɗe da namu na gida: dinya, kirinjijiya, zalɓe, balbela. Saboda irin wannan arzikin ne tafkin Nguru ya shiga jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2000, na farko a Nijeriya. Ku kwana a gari, ku shiga ruwa bayan asuba, kafin iskar hunturu ta taso. Agusta da Satumba kuwa ku haƙura, ruwan cika ba na baƙo ba ne.

Inda nake son ku tsaya ku saurare ni shi ne maganar lodi. Mutum 14 ba sa shiga kwalekwale ɗaya, ko da matuƙin ya ce zai ɗauka. Ku ɗauki uku, ku biya kuɗin uku, zuciya ɗaya. Mu mutanen Kano ba sai an ba mu labari ba: a ƙarshen Nuwamban 2021 jirgi ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai, aka rasa fiye da mutum 20, yawancinsu ɗaliban Islamiyya, kuma lodi ne ya yi yawa. Har yau abin na ci mini rai. Idan kun zauna kuka ga bakin jirgi ya kusa shafar ruwa, wani ya sauka. Kowa ya sa rigar kariya daga nutsewa, ya ɗaure ta tun a tudu, kuma ku taho da abinku daga Kano, kada ku dogara za ku samu a can. Babbar riga ku bar ta a mota, in ta jiƙe nauyi take yi.

Ɗan jagora kuma ya zama ɗan wurin. Ku fara gaida mai unguwa ko sarkin ruwa, su za su haɗa ku da masuncin da ya san mashiga da mafita. A cikin kachalla, wadda ta fi mutum tsayi, duk hanyoyi kama ɗaya suke, kuma wadda ke buɗe bara ta yiwu bana ta toshe. Ku duba ko akwai kwanon kwarfe ruwa a jirgin. Ba a miƙewa tsaye don ɗaukar hoto, ba a karkata gefe ɗaya gaba ɗaya don an ga tsuntsu.

Wanka da wasa da ruwan kuma a'a. Kwantaccen ruwa mai ciyayi shi ne gidan katantanwar da ke yaɗa tsargiya, kuma ta fata ƙwayar ke shiga. Wanda ya jiƙa jikinsa, daga baya ya ga jini a fitsari ko zazzaɓi, ya je asibiti ya faɗa musu inda ya je. Ku riƙe ruwan shanku, da gidan sauro don kwanan, ku kuma tambayi halin hanya kafin ku taso, ku yi tafiyar da rana.