Amsa: Ina zan kai iyali shan iska a Zariya?

Malam, ka tambayi inda za ka kai uwargida da yara ƙanana shan iska a ƙarshen mako ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba. Shawarata ita ce ku nufi harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ranar Asabar bayan sallar la'asar. Tun da aka kafa jami'ar a 1962 ake dasa itatuwa a cikinta, saboda haka akwai inuwa wadatacciya, ga kuma lambun sassaƙe-sassaƙe na sashen zane-zane, inda yarana kan tsaya suna gardamar wane mutum-mutumi ne ya fi kama da kakansu. Ku tafi da tabarma da gorar ruwa da ɗan abin taɓawa daga gida, sannan ka riƙe katin shaidarka ko da masu gadi za su nema a ƙofa.

Sharaɗi ɗaya nake da shi, kada ka bari sha'awa ta ja ka zuwa bakin dam ɗin Kubanni ko Dutsen Kufena da yaran da ba su kai shekara bakwai ba. Na taɓa hawa Kufena da ɗana mai shekara biyar, tun ba mu yi nisa ba ya gaji, haka na saɓo shi a kafaɗa ina saukowa a kan dutse mai santsi, gabana yana faɗuwa. Idan lokacin hunturu ne, a sa musu rigar sanyi, ku kuma kama hanyar gida kafin magariba.