Amsa ga mai son ɗaukar kayan gini a jif ɗinsa

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kana gyaran gida a nan Kano, kana so ka riƙa ɗebo siminti da tayil da filawud har da rodi a Highlander ɗinka don ka rage kuɗin mota. Zai yiwu, ni ma da irinta na yi aikin gidana, amma fa kar faɗin but ya ruɗe ka, nauyi ne matsalar.

Buɗe ƙofar direba ka duba jikin ƙarfen, akwai sitika da ke nuna iskar taya da nauyin da motar za ta iya ɗauka, irin waɗannan jif ɗin yawanci kilo 500 zuwa 600 ne kuma da kai da duk wanda ya shiga kuna cikin lissafin. Buhun siminti, na Dangote ne ko BUA, kilo 50 ne. To ka ga kai da lebura ɗaya da buhu 8 an gama magana. Wasu sai su loda 15 wai ai da sauran wuri, gindin mota ya zauna ƙasa, shokoba ta mutu, birki ya daina kamawa da wuri, in kuma aka shiga cunkoso giya ya ɗau zafi, kuɗin da bakanike zai karɓa ya ninka wanda ake gudu.

Ka kwantar da kujerun baya, ka shimfiɗa tamfol mai kauri ka naɗo shi har gefe, don ƙurar siminti in ta shige kafet wallahi ba ta fita. Buhunan ka tura su can ciki kusa da kujerun gaba, kar ka jibge a bakin but. Tayil kuwa a tsaye ake jera katan ɗin, a matse su da juna, in ka kwantar rami ɗaya zai fasa maka na ƙasa.

Filawud ƙafa 4 ne a 8, ba zai shiga ka rufe but ba. Mafi sauƙi ka karɓi awo wajen kafintanka a yanka maka tun a kasuwar 'yan katako ta Na'ibawa. In dole sai a saman mota, guda biyu ko uku kawai, ka ɗaure da bel mai ƙarfi gaba da baya, banda robar tif ɗin nan, kuma ka tafi a hankali sosai don iska ce ke shiga ta ƙasa ta ɗaga shi.

Rodi da kwanon rufi kam don Allah ka haƙura. Rodi mita 12 ne, ko an lanƙwasa shi biyu mita 6 ne, motarka ba ta kai mita 5 ba. Kana shan kwana wutsiyar za ta ɗebi mai babur ko ɗan sahu, ga jami'an kula da hanya na KAROTA da Road Safety. Kwano kuma in iska ta fizge shi wuƙa ce. Ka tara su duka ka ɗau a-kori-kura ɗaya daga kasuwar Ƙofar Ruwa, sawu ɗaya ya wadatar.

In katako ko fayif ya ɗan leƙo baya ka ɗaura masa jan ƙyalle, sannan ka sani but a buɗe yana janyo hayaƙin salansa cikin mota, kar kuma ka sa yara a ciki ranar. Allah ya sa a gama aiki lafiya.