Ƙwai da 'yan tsaki ma sai an hana su shigowa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kiwon kaji a Tawa, 'yan tsaki da ƙwai kuwa daga Illela ta Najeriya nake sarowa ta Ƙonni. Da an ji murar tsuntsaye a Najeriya sai hukuma ta hana shigowa da su. Kaza marar lafiya na gane, amma mene ne laifin ƙwai da tsakon da ke wasansa lafiya lau? — Wani mai karatu, Tawa

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tsuntsu yakan ɗauki ƙwayar cutar, ya yi kwanaki yana zubar da ita a kashi da majina kafin ya nuna alama. Agwagwa ta fi haɗari, don takan ɗauke ta tana ta kiwo kamar lafiya lau. A watan Fabrairu na 2006 murar tsuntsaye nau'in H5N1 ta ɓulla a wata gona a jihar Kaduna, watan bai ƙare ba aka tabbatar da ita a agwagin Magarya da ke jihar Damagaram a Nijar.

Shi ƙwai, dattin bayansa ne abin tsoro. Kashin da ya bushe a ɓawo, tsohon kwalin ƙwai da ke yawo gona-gona, keji, tayar mota, duk suna dakon cutar, kuma da sanyin hunturu takan yi makonni a cikin kashi ba ta mutu ba. Don haka muna ganin hanin daidai ne, ko da yake ciniki na ji a jika. Mai bi ta barauniyar hanya da babur, garkensa zai fara kashewa.

In an buɗe hanya, ka ware sabbin tsuntsaye kwana 21 nesa da garke, da mazubin ruwa da takalmi nasu daban. Kwali ka ƙone shi. Kejin roba ka fara wanke shi da sabulu kafin ruwan jabel, don jabel ba ya aiki a kan kashi.

Ka ga kaji na mutuwa farat ɗaya, kai ya kumbura, tukku ya yi shuɗi, jini ya kwanta a ƙafa, to kada ka yanka, kada ka ruga kasuwa da sauran. Kira likitan dabbobi ya ɗauki samfur zuwa LABOCEL, babban ɗakin gwajin cututtukan dabbobi a Yamai, domin da ido ba a rarrabe murar tsuntsaye da wata cutar kaji mai suna Niyukasil, kuma rigakafin Niyukasil ba ya tare murar tsuntsaye. Mushen kuwa, sa safar hannu, a binne shi a rami mai zurfi da farar ƙasa, nesa da rijiya.